Ba'amurken da Ya Dawo Gida Ya Tarar Shi Ne Baƙo

A wajenmu duk wanda aka ce zai tafi Amurka barka ake yi masa, balle wanda ƙasar tasu ce. Shi ya sa idan aka ce Ba'amurken da ya shekara goma a Yamai ko Riyad ko Barlin yana fargabar komawa gida, da yawanmu za su ce shagwaɓar ƙoshi ce kawai. Ƙasar da matasa ke sayar da gona don neman bizarta, ina abin tsoro ga mai riƙe da fasfonta? Amma waɗanda suka yi wannan tafiya sun sha faɗin cewa dawowar ta fi fitar wuya, kuma ina ganin suna da gaskiya. Amurka ba ta sakin aljihun ɗanta idan ya fita, ba ta ajiye masa gurbinsa kafin ya dawo, in ya dawo kuma ba ta da kunnen sauraron abin da ya koyo. Na ƙarshen nan ne babbar asara, domin ƙasar gaba ɗaya ke yin ta, har ma ta shafi mu da muke nesa.

Tun daga lissafi ake gane matsayinsu. Ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma tana lissafa sojoji da ma'aikatan gwamnati da ke ƙetare, amma ba ta bi ta kan malamin makaranta ko injiniyan mai ko 'yar kasuwar da ta fita da ƙafarta. A 2004 hukumar ƙidaya ta gwada lissafa su a Faransa da Kuwait da Meziko, aka ga kuɗin ya yi yawa kuma masu amsawa kaɗan ne, sai aka watsar. Ma'aikatar harkokin waje ta taɓa ƙiyasta su a kan kusan miliyan 9. Ofishin da ke kula da ƙuri'un mazauna ƙetare kuwa ya ce miliyan 4.4 ne a 2022. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta fi yawan mutanen jihohi da dama na ƙasar.

Hukumar da ba ta manta da su ba ita ce ta haraji, wato IRS. Kusan duk ƙasashen duniya suna karɓar haraji ne daga wanda ke zaune a cikinsu. Amurka kuwa ɗan ƙasa take bi duk inda yake, kuma ban da ita Iritiriya ce aka sani da irin wannan tsari. Ba'amurken da ke koyarwa a Kumasi dole ya cike takardun haraji ya aika gida kowace shekara. Gaskiya ne akwai rangwame: a 2024 ana ɗauke wa mutum haraji a kan dala 126,500 na farko na albashin da ya samu a waje, don haka yawancinsu ba sa biyan komai. Sai dai cike takardun kansa aiki ne da ke cin kuɗin akanta, kuma duk wanda kuɗinsa a bankunan waje suka haura dala 10,000 a dunƙule sai ya kai rahoto, in ya yi sakaci tara mai nauyi na jiransa. A 2010 aka ƙara da dokar FATCA, wadda ta tilasta wa bankunan duniya su riƙa bayyana asusun Amurkawa. Wasu bankunan suka ga wahalar ta fi ribar, suka daina buɗe musu asusu. Boris Johnson, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, an haife shi a New York a 1964, ya bar ƙasar yana yaro ƙarami, amma da ya sayar da gidansa na Landan sai ga takardar haraji daga Amurka. Ya yi ƙorafi a bainar jama'a, ya biya, sannan a 2016 ya ajiye zama ɗan ƙasar. Ita ma ajiyewar ba kyauta ba ce, don a 2014 an ɗaga kuɗinta daga dala 450 zuwa 2,350.

Mutumin da aka riƙe da irin wannan igiya zai yi zaton ranar da ya sauka a filin jirgi komai nasa na nan yadda ya bari. A nan ne mamaki ke fara kama shi. Rayuwar yau da kullum a Amurka tana tafiya ne a kan wani maki da ke nuna yadda mutum ke cin bashi yana biya, daga 300 zuwa 850. Mai gidan haya yana dubawa, dillalin mota yana dubawa, banki yana dubawa. Wanda ya rufe asusunsa na gida ya yi shekaru yana biyan haya a kan kari a wata ƙasa, wannan amanar ba ta biyo shi, domin kamfanonin da ke tara bayanan ba su san da ita ba. Sai ka ga dattijo mai shekara hamsin da kuɗinsa a hannu ana neman ya kawo wanda zai tsaya masa kafin a ba shi ɗaki. Ya yi kama da ɗan ci-rani da ya dawo da guzurinsa ya tarar an mai da ɗakinsa rumbu, ba don ƙiyayya ba, don dai babu wanda ya sa ranar dawowarsa.

Batun asibiti ya fi tayar da hankali. Ƙasar ta kashe kimanin dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya a 2023, amma mafi yawan masu aiki ta hannun ma'aikatarsu suke samun inshora. Wanda ya dawo bai riga ya sami aiki ba, kwana 60 doka ta ba shi ya sayi tasa, kuma wanda ya saba da asibitin gwamnati na Jamus ko Japan sai ya sake koyon duba farashi kafin ya kira motar asibiti. Fansho ma haka. Kafin mutum ya cancanci fanshon gwamnatin tarayya sai ya yi kamar shekara goma yana zuba kuɗi a asusun. Amurka ta ƙulla yarjejeniya da ƙasashe kimanin 30 don a haɗa shekarun aikin can da na nan, amma babu Najeriya ko Nijar ko Gana ko Saudiyya a cikinsu.

In kuwa ya yi aure a can, sai a shiga wani babin. Matar da ba 'yar ƙasa ba ce ba ta bin mijinta jirgi haka nan. Sai an nema mata bizar zama, jiran kan wuce shekara, kuma sai mijin ya nuna cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati. Albashin aikin da zai bari a waje ba ya shiga lissafi, saboda haka iyalai da yawa kan rabu na ɗan lokaci: miji ya yi gaba neman aiki, mata da yara su zauna jira. 'Ya'yan da aka haifa a waje ma ba kai tsaye suke gadon ƙasar ba. Idan ɗaya daga cikin iyayen ne kaɗai Ba'amurke, sai ya tabbatar ya zauna a Amurka shekara biyar, biyu daga ciki bayan ya cika sha huɗu. Ko ranar da yaƙi ko annoba ta sa aka kwaso mutane, kamar yadda aka kwaso fiye da 100,000 a 2020 lokacin korona, ƙa'ida ita ce wanda gwamnati ta yi wa hayar jirgi ya sa hannu a takardar cewa zai biya kuɗin kujerarsa.

Duk waɗannan ana iya warware su da haƙuri da takardu. Abin da ke cikin ƙirji ne ya fi daɗewa. A 1963 wasu masu bincike biyu, John da Jeanne Gullahorn, sun bi diddigin malamai da ɗaliban Amurka da suka je ƙetare da tallafin karatu, suka lura cewa ruɗewar da mutum ke shiga idan ya sauka baƙuwar ƙasa tana sake kama shi idan ya koma tasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai fita ya shirya wa baƙunta: ya karanta, ya yi tambaya, ya san zai yi kuskure, mutanen can ma suna yi masa uzuri. Mai dawowa bai shirya wa komai ba, kuma ba wanda zai yi masa uzuri, tunda harshensa nasu ne, kamanninsa nasu ne. Hausawa sun gama magana da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Marubutan Amurka sun daɗe da sanin haka. Washington Irving ya zauna a Turai shekara 17, daga 1815 zuwa 1832, kuma yana can ya rubuta labarin Rip Van Winkle, mutumin da ya yi barcin shekara ashirin ya farka yana yi wa Sarkin Ingila mubaya'a, bai san an yi juyin juya hali an kafa sabuwar ƙasa ba. Henry James ya koma Amurka a 1904 bayan kimanin shekara ashirin a waje, ya tarar an rushe gidan da aka haife shi a New York, ya koma Ingila, a 1915 ya zama ɗan ƙasarta. Mai dawowa na yanzu ma bai tsira ba, duk da wayar da ke hannunsa. Wanda ya fita a 2015 ya dawo a 2023 ya karanta labarin harin da aka kai wa majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, ya kuma ji cewa hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yunin 2022. Amma karantawa daban, zama a teburin da ƙaninka da kawunka suka daina gaisawa saboda siyasa daban.

Sai kuma rashin mai saurare, wanda kusan duk mai dawowa ke kuka da shi. Ranar farko ana murna, ana rungume-rungume, wani ya tambaya, "To, yaya Afirka?" Kafin ya gama bayanin cewa Afirka ba gari ɗaya ba ce, hira ta koma kan wasan ƙwallo da sabuwar motar maƙwabci. Ba mugunta ba ce. A 1990 kashi 5 cikin ɗari na Amurkawa ne kaɗai ke da fasfo, kuma ko da adadin ya kai kashi 48 a 2023, yawon hutu na mako ɗaya ba ya ba mutum ƙugiyar da zai rataya labarin shekara goma.

A duba 'yan sa-kai na Peace Corps, shirin da Shugaba John Kennedy ya kafa a 1961, wanda ya yi aiki a Nijar daga 1962 har zuwa Janairun 2011 da matsalar tsaro ta sa aka dakatar. Matashiyar da ta yi shekara biyu a wani ƙauyen Maraɗi ko Damagaram ta saba kafin ta kai rijiya ta gaisa da mutum goma: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya mai jiki. In ta kwana biyu ba a gan ta ba, za a aiko yaro ya duba. Ta koma unguwar da maƙwabci ke shigewa gareji da motarsa ya rufe, inda ganin ƙawa sai an sa rana mako biyu kafin lokacin. A Mayun 2023 babban jami'in lafiya na ƙasar, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kusan rabin manyan Amurkawa na fama da kaɗaici. Wanda bai taɓa fita ba yana iya ɗaukar wannan a matsayin yadda rayuwa take. Ita kuwa ta ga wata hanyar, don haka ciwon ya fi cin ta. Haka Ba'amurke Musulmi da ya zauna a Alƙahira ko Jidda, ya saba da kiran salla da hutun Juma'a, ya dawo yana roƙon shugaban ofis awa guda don ya je masallaci.

Ga baƙar fata kuwa, dawowa na nufin sake ɗaukar kayan da ya sauke. Marubuci James Baldwin ya bar New York zuwa Faris a 1948 yana ɗan shekara 24, da dala 40 a aljihu, don ya tsira daga wariyar launi. A 1957 ya dawo ya zagaya jihohin kudu lokacin da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata ke zafi, kuma nisan da ya yi ne ya ba shi idon ganin ƙasarsa fiye da waɗanda ba su taɓa motsawa ba. Maya Angelou ta bar Akara a 1965 don ta taya Malcolm X aiki, ba ta jima da sauka ba aka kashe shi ranar 21 ga Fabrairu. Wasu ba su dawo ba sam. Richard Wright ya rasu a Faris a 1960, W.E.B. Du Bois kuma ya rasu a Akara ranar 27 ga Agustan 1963, ana gobe babban gangamin neman 'yancin baƙar fata a Washington. Wanda ya ɗanɗani shiga kanti ba tare da mai gadi ya bi shi da ido ba, sake sabawa da hakan ba ƙaramin aiki ba ne.

Yara su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin su ba dawowa suke yi ba, zuwa suke yi. Masaniyar zamantakewa Ruth Hill Useem, wadda ta yi bincike a kan iyalan Amurkawa a Indiya, ta nuna cewa irin waɗannan yara kan tashi da wata al'ada ta uku, ba ta iyayensu ba, ba ta ƙasar da suka girma ba. Barack Obama ya zauna a Jakarta daga 1967 zuwa 1971, aka mai da shi Hawai wurin kakanninsa yana ɗan shekara goma. A nan ne batun ya taɓa gidajenmu kai tsaye. Akwai yaran da aka haifa a Amurka lokacin da iyayensu ke karatu, aka taho da su Kano ko Zariya ko Kaduna suna goye, suka girma a nan. Ranar da ɗayansu ya tafi jami'a a can, jami'in filin jirgi zai yi masa maraba da dawowa gida, alhali bai san kowa ba, bai da makin bashi, kuma in namiji ne doka ta wajabta masa rajistar shiga soja idan ya cika sha takwas, ko da yana zaune a Fagge.

Mai karatu na iya cewa duk wannan kukan daɗi ne, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Wanda aka kwaso daga kurkukun Libiya ya sauka da leda ɗaya a hannu, shi ne ya san wuyar dawowa. Ba'amurke yana da fasfon da ke buɗe ƙofofi, kuma in gida ya ishe shi yana iya sake fita. Shi ma mai dawowar yana da nasa laifin. Da yawansu kan dawo da "a can kuwa" a baki: a can abinci ya fi, a can mutane sun fi kirki, a can jirgin ƙasa ba ya latti. Suna mantawa cewa waɗanda suka zauna su ma sun rayu. Ƙanwar da ta yi jinyar mahaifiya shekara shida tana da labarin da ya cancanci a fara ji kafin na wanda ya zo da tsaraba. Mai hankali shi ne wanda ya shiga garinsu da ladabin da ya shiga garin wasu: ya yi tambaya, ya saurara, ya jinkirta hukunci.

Duk da haka, tausayin mutum ɗaya ba shi ne ainihin zancen ba. Kennedy ya sa wa Peace Corps manufofi uku, ta ukun ita ce waɗanda suka dawo su fahimtar da Amurkawa yadda sauran mutanen duniya suke. Inda aka ba wannan manufa dama, an ga amfaninta. Paul Newman yana cikin rukunin farko da aka turo Najeriya a 1961, ya koyar a Maiduguri, daga baya ya yi aiki a Kano, a 2000 kuma ya fitar da babban littafin nahawun Hausa da masana ke komawa gare shi har yau. Russell Schuh ya yi nasa aikin sa-kan a Nijar, ya koma ya shafe rayuwarsa yana koyar da Hausa da nazarin harsunan Chadi a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Waɗannan sun sami wurin da ke buƙatar abin da suka zo da shi. Inda aka yi watsi da manufar kuma, an ga sakamakon. Rahoton kwamitin da majalisa ta kafa kan yaƙin Iraƙi ya bayyana a Disambar 2006 cewa a ofishin jakadancin Amurka na Bagadaza mai ma'aikata 1,000, mutum 33 ne ke jin Larabci, shida kacal daga ciki suka ƙware. Ƙasar da ke da miliyoyin 'ya'ya a warwatse a duniya ta shiga yaƙi tana neman tafinta.

Gyaran ba gagarau ba ne. A koma karɓar haraji bisa wurin zama kamar sauran ƙasashe, kuma an riga an gabatar da ƙudurin hakan a majalisar wakilai a Disambar 2024 ta hannun ɗan majalisa Darin LaHood. A samar da hanyar da amanar biyan bashi ta waje za ta bi mai ita gida. A daina raba miji da mata shekara guda saboda takarda. Kamfanoni da ma'aikatu su daina kallon shekarun ƙetare a matsayin giɓi a tarihin aikin mutum, su riƙa tambayarsa abin da ya iya wanda na gida bai iya ba.

Mu ma muna da ruwa da tsaki a ciki. A Washington ake yanke shawarar tallafin magani da ke zuwa asibitocinmu, da wanda za a ba biza, da inda za a girke soja a yankin Sahel. Ana yanke ta ko da wanda ya san mu a ɗakin, ko babu. Gani ya kori ji, kuma Ba'amurken da ya yi damina biyu a ƙauye ya san abin da tsadar buhun gero ke yi wa gida fiye da wanda ya karanta a rahoto. Idan ƙasarsa ta bar shi yana fama da neman wanda zai tsaya masa a gidan haya har ya gaji ya sake fita, ko ya yi shiru ya manta, wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba ne zai zauna a kujerar, kuma mu ne za mu ɗauki nauyin abin da ya yanke.